Awon Karon Igiya a Ilimin Falaki: Gwajin Lissafi a Kan Tazarar Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin dabarar da masana falaki ke kira intaferomitiri, wato gwama abin da na'urorin hangen nesa biyu ko fiye suka kamo daga sama domin su yi aikin na'ura guda mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. An waiwayi tarihin dabarar da sawun da Najeriya ta bari a cikinsa, an gabatar da keɓaɓɓun kalmomin Hausa da za a iya koyar da ita da su, sannan aka ɗora lissafinta a kan garuruwan Gwarzo da Kabo da ke yammacin Jihar Kano. Nazarin ya gano cewa yankin bai dace da awon hasken ido ba amma ya dace da na igiyar rediyo, kuma a matakin farko tazarar mita uku da rabi a harabar makaranta ta fi tazarar kilomita 25 amfani.

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Afrilu, 2019, aka fito wa duniya da hoton farko na baƙin rami, wanda ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87. Nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 55, nauyinsa kuma ya ninka na rana sau biliyan 6.5. Babu madubin hangen nesa guda ɗaya a doron ƙasa da zai iya ganinsa. Na'urorin rediyo takwas ne, a Hawayi da Arizona da Meziko da Chile da Sifen da ƙuryar kudancin duniya, suka yi aikin tare a watan Afrilun 2017. An naɗi abin da kowace ta kamo a faya-fayan ajiya, aka kwashe su a jirgin sama zuwa cibiyar Haystack a Amurka da ta Max Planck a birnin Bonn na Jamus, can aka gwama su.

Akwai abin lura a nan ga mutanen yammacin Kano. M87 yana digiri 12 da 'yan kai arewa da layin tsakiyar sama, Gwarzo da Kabo kuma suna dab da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka kullum sai wannan tarin taurari ya ratsa ta tsakar kan manomin Getso da na Garo da ke yankin, ko da rana ko da dare.

Manufar takardar ita ce ta bayyana yadda dabarar ke aiki da Hausar da ɗalibin sakandare zai gane, sannan ta amsa tambaya guda: in aka kafa na'ura ɗaya a Gwarzo, ɗaya a Kabo, me za a gani, me kuma ba za a gani ba?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tushen maganar yana cikin gwajin Thomas Young na farkon ƙarni na 19, inda ya ratsa haske ta tsaga biyu ya ga ratsi-ratsin haske da duhu. A 1868 Bafaranshe Hippolyte Fizeau ya kawo shawarar a yi amfani da waɗannan ratsi a auna faɗin taurari. Shawarar ba ta haifar da ɗa mai ido ba sai a Disambar 1920, lokacin da Albert Michelson da Francis Pease suka ɗora ƙarfe mai tsawon mita 6 ɗauke da madubai a bakin babban madubin Dutsen Wilson a Kalifoniya, suka auna jan tauraron nan Betelgeuse na ƙungiyar Jauza'u, suka samu faɗinsa sakan 0.047 na kusurwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dabarar ta koma fagen rediyo, can ne kuma ta yi ƙarfi. A 1946 Martin Ryle da Derek Vonberg suka haɗa eriya biyu a Kambirij ta Ingila, a shekarar kuma Joseph Pawsey da Ruby Payne-Scott da abokan aikinsu suka yi amfani da eriya ɗaya a kan dutsen gaɓar teku a Sidni, ruwan teku ya zame musu eriya ta biyu. Ryle ya ci gaba ya nuna cewa juyawar duniya kanta tana iya cike gurbin eriyoyin da ba a gina ba, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1974 da Antony Hewish.

Najeriya ta shiga wannan tarihi tun da wuri. Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2009, ya yi digirinsa na uku a Kambirij ƙarƙashin Hewish. A 1965 su biyun suka wallafa cewa akwai wani ɗan ƙaramin tushe mai tsananin ƙarfin rediyo a cikin Gajimaren Ƙaguwa. Bayan shekara uku aka gano tauraro mai bugun zuciya a wurin. Okoye ya dawo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ya kafa kwandon rediyo mai faɗin mita 10, kuma a garin ne Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ta ajiye cibiyarta ta ilimin falaki.

Game da yadda ƙasashen Afirka za su shiga harkar, hanyoyi biyu aka fi ambata. Ta farko ita ce ta marigayi Michael Gaylard na cibiyar Hartebeesthoek a Afirka ta Kudu: a gyara manyan kwandunan sadarwa da wayar gilashi ta ƙarƙashin teku ta kora daga aiki, a mai da su na'urorin falaki. Da wannan aka gyara kwandon Kuntunse mai faɗin mita 32 a kusa da Akara, aka ƙaddamar da shi a watan Agustan 2017. Najeriya ma tana da tsofaffin tashoshi irin wannan a Lanlate ta Jihar Oyo da Kujama ta Jihar Kaduna. Hanya ta biyu ita ce ta Alan Rogers na Haystack, wanda ya harhaɗa ƙaramar na'urar koyarwa daga kayan kwandon talabijin na gida. Wannan takarda ta fi karkata ga ta biyu, bisa dalilan da za su zo a sashe na 4.

3.0 Hanyar Nazari da Keɓaɓɓun Kalmomi

Nazarin na lissafi ne. An ɗauki wurin da garuruwan biyu suke a taswira: Kabo na gabas da Gwarzo da wajen kilomita 25 a miƙe, kuma kusan a layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma. An ɗora sanannun ƙa'idojin fiziks a kan wannan tazara, aka gwada sakamakon da yanayin damina da hunturu na ƙasar Kano.

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share fage a fannin harshe da adabi. An bi tsarinsa a nan, wato a nemi kalma a cikin gida kafin a yi aro. Igiya ita ce abin da ke tafiya yana hawa da sauka, kamar raƙuman ruwa. Inda ta hau an kira shi tozo, inda ta sauka kwari. Nisan da ke tsakanin tozo da tozo shi ne zango, kalmar da duk mai sauraron rediyo ya sani daga gajeren zango da matsakaicin zango. Matsayin da igiya take ciki a wani lokaci, ko a tozo ko a kwari ko tsakani, an kira shi sawu. Haɗuwar igiyoyi biyu karo ne, zanen da karon ke bari ratsi ne kamar na saƙi, na'urar da ke haɗa abin da eriyoyi suka kamo kuwa na'urar gwami. Sakan na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri.

4.0 Nazari

4.1 Yadda Karon Igiya Ke Zama Awo

Yaro ya tsaya bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu da safe, ruwa na kwance, ya jefa tsakuwa biyu a tare, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace za ta aika da zobba. Inda zobban suka haɗu, ruwan ba ya rikicewa haka kawai: wurin da tozo ya faɗa kan tozo ruwan yakan tashi ninki biyu, wurin da tozo ya faɗa cikin kwari sai ya kwanta lif kamar ba a taɓa shi ba. Wanda ya san zangon zobban, ya kuma auna ratsin da suka yi, zai iya faɗin inda tsakuwoyin suka faɗa ko bai ga an jefa su ba.

Masanin falaki yana juya wannan ne. Tushen igiyar yana sama, masu kamawa biyu suna ƙasa. In tauraro na gabas, igiyarsa za ta riga isa Kabo kafin Gwarzo. Mafi tsawon jinkirin da tazarar kilomita 25 za ta haifar shi ne kashi 83 cikin miliyan na sakan. Yayin da duniya ke juyawa jinkirin na raguwa, sawun igiyoyin biyu yana dacewa yana saɓawa, na'urar gwami tana rubuta hawa da sauka. In tushen ɗigo ne, ratsin na fita tas. In yana da faɗi, ratsin gefensa na dama yakan cike gurbin na hagu, zanen ya dushe. Gwargwadon dushewar shi ke faɗin girman tushen. Da haka Michelson ya auna tauraron da bai taɓa ganin faɗinsa da ido ba: ya yi ta nesanta madubansa har ratsin ya ɓace.

Ƙa'idar gajera ce. A raba zango da tazara, a ninka da 206,265, sai a samu mafi ƙanƙantar kusurwar da na'ura ke iya tantancewa, a sakan.

4.2 Lissafin Tazarar

Iskar haidirojin da ta cika tsakanin taurari tana fitar da igiya mai zangon santimita 21, wato megahaz 1420. Hendrik van de Hulst ya yi hasashenta a 1944, Harold Ewen da Edward Purcell suka kamo ta a 1951. Kwando ɗaya mai faɗin mita 3 a wannan zango ba ya bambance abin da bai kai digiri 4 ba, alhali faɗin rana da na wata rabin digiri ne. Idon mutum ya fi shi nesa ba kusa ba, domin ido na tantance wajen sakan 60. Amma a ajiye irin wannan kwando a Gwarzo, ɗan'uwansa a Kabo, sai lissafi ya ba da sakan 1.7, wato an fi kwando ɗaya sau dubu takwas da ɗoriya. Tazarar ta zarce kilomita 16 na jerin na'urorin ALMA a Chile, ta kuma doshi kilomita 36 na jerin kwanduna 27 da ke Sabuwar Meziko.

A nan ne mai tsara shiri zai iya ruɗuwa. Tazara kaifin gani take bayarwa, ba ta ƙara yawan abin da aka tara. Kwano biyu da aka ajiye cikin ruwan sama, ko sun yi nisan kwana guda da juna, ruwan kwano biyu za su tara. Ƙari a kan haka, duk abin da faɗinsa ya wuce 'yan sakan kaɗan ratsinsa shafewa yake a wannan tazara. Faifan rana zai ɓace, gajimaren haidirojin na tarin taurarinmu zai ɓace, kuma su ne abubuwan da ƙaramin kwando ke iya kamawa cikin sauƙi. Abin da zai rage 'yan tushe ne masu ƙanƙanta, mafi yawansu kuma sun fi ƙarfin kwandon mita 3. Sannan ratsin zai riƙa juyawa kusan sau tara a sakan, dole tashoshin biyu su riƙe lokaci iri ɗaya ƙwarai, ko dai ta wayar gilashi da ta haɗa su ko ta agogon atom a kowace tasha.

4.3 Hazo, Girgije da Saman Iska

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya ratsa ta saman Afirka a kumbonsa, ya yi magana da tashar bibiya da Amurka ta kafa a Kano, abin da ya ba da rahoton gani kuwa ƙura ce. Ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ita ke lulluɓe Gwarzo da Kabo daga Nuwamba zuwa Maris, har Kaza da 'Ya'yanta su dushe a wasu darare. Daga Yuni zuwa Satumba kuma girgije ne. Awon karon hasken ido yana bukatar a daidaita hanyoyin haske zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, shi ya sa ake kai shi kan duwatsun hamada irin Paranal. Zangon milimita da aka ɗauki hoton M87 da shi tururin ruwa ke shanye shi, ALMA tana tudun mita 5,000 ne saboda haka, ƙasar Gwarzo kuwa ba ta kai mita 700 ba. Waɗannan ƙofofi biyu a rufe suke.

Zangon santimita 21 bai damu da hazo ko girgije ba, ana aiki da shi dare da rana. Matsalarsa biyu ce. Ta ɗaya, Najeriya na cikin ɗamarar tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman iska mai ɗauke da lantarki ke hargitsewa bayan faɗuwar rana, ya jirkita sawun igiya. Wannan cikas ne ga masanin falaki, amma abin bincike ne mai zaman kansa, kuma na'ura ɗaya za ta yi wa fannonin biyu aiki. Ta biyu ita ce hayaniyar turakun waya da janareto da na'urorin wutar sola. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta keɓe megahaz 1400 zuwa 1427 don sauraro kawai, sai dai doka a takarda ba ta hana yoyo daga na'ura maras kyau. Kafin a kafa komai sai an zaga da ma'auni an san ƙauyen da ya fi shiru.

Ta fuskar faɗin sama kuwa yankin ya yi sa'a. Daga digiri 12 ana ganin dukkan saman arewa da na kudu har zuwa digiri 78. Gajimaren Ƙaguwa da Okoye ya yi aiki a kai yana hawa digiri 80 daga gefen sama, tushen rediyon Cygnus A digiri 61, tsakiyar tarin taurarinmu digiri 49, tushen rediyon Centaurus A digiri 35. Na ƙarshen nan ba ya ɓullowa ko kaɗan a Kambirij.

4.4 Illar Layin Gabas da Yamma

Dabarar Ryle ta dogara da cewa yayin da duniya ke juyawa, tauraro na kallon tazarar tana zana da'ira. Ga tushen da ke kusa da ƙuryar arewacin sama da'irar cikakkiya ce. Ga wanda ke digiri 12, irin M87, da'irar na matsewa har faɗinta ya zama kashi ɗaya cikin biyar na tsawonta, hoto ya fito da kaifi daga gabas zuwa yamma, ya yi dishi-dishi daga arewa zuwa kudu. Maganin shi ne tasha ta uku a wajen layin, ko Shanono ta arewa ko Ƙaraye ta kudu. Tasha ta uku na da wata fa'ida da Roger Jennison ya bayyana a 1958: in aka tara sawun tazarori uku da suka rufe kusurwa uku, kurakuran da iska da agogon kowace tasha suka jawo suna kashe juna.

4.5 Kwandon Talabijin a Matsayin Mafari

Duk mai gidan kallon ƙwallo a Gwarzo ya san wani abu da ke faruwa sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba: da rana tsaka, ba hadari ba iska, hoto ya daddatse na 'yan mintoci sannan ya dawo. Rana ce ta ratsa ta bayan tauraron ɗan'adam, hayaniyar rediyonta ta danne saƙon. Wato kwandon da ke kan rufin, da ɗan kan da ke bakinsa, na'urar falaki ce da ta riga ta kamo rana.

Irin wannan kwando na aiki a wajen gigahaz 11, zangon santimita 2.7. A jera biyu gabas da yamma da tazarar mita 3, a haɗa abin da suka kamo, a bar rana ta ratsa ta gabansu. Allon kwamfuta zai nuna hawa da sauka sau ɗaya a kowane minti biyu. A ƙara tazarar taki-taki, ratsin zai yi ta raguwa har ya mutu a wajen mita 3.5. Daga wannan adadi ɗalibi zai fitar da faɗin rana, rabin digiri, da alƙalaminsa. Wannan shi ne gwajin Michelson na 1920 ba ragi, a filin da bai kai ɗakin aji ba, da kayan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Babu bukatar agogon atom, domin waya 'yar gajera ta isa ta haɗa kwandunan. Wanda ya saba ɗaura kwando a kan rufi yana neman sigina, ya riga ya iya rabin aikin saiti.

Dalilin fifita wannan hanya a fili yake. Gyaran kwandon Kuntunse ya zo tare da horar da injiniyoyin Gana a Afirka ta Kudu. In har aka samu babban kwando a ƙasar Kano wata rana, tazararsa da Kuntunse za ta haura kilomita 1,100, wadda a zangon santimita 4.5 ke ba da kaifin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, kuma zai taimaka wajen cike gurbin da ke tsakanin na'urorin Turai da na Afirka ta Kudu. Amma babban kwando ba ya tafiya sai da mutanen da suka taɓa ganin ratsi ya fito ya kuma ɓace a hannunsu.

5.0 Shawarwari

Yankin yana da inda za a ɗora aikin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano na da Makarantar Nazarin Muhalli a Gwarzo, a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha a Kabo, sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuma a kan titin Gwarzo yake. Ana ba da shawarar a fara da kwanduna biyu a haraba ɗaya a auna rana. In wannan ya zauna, a koma zangon santimita 21 da tazarar mita 10 zuwa 30. Awon hayaniyar rediyo a ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu ya kamata ya tafi tare da wannan, da sanin Hukumar Sadarwa ta Najeriya. Maganar haɗa Gwarzo da Kabo da tasha ta uku sai bayan an samu ɗaliban da suka ƙware a matakan farko.

Ana kira ga malaman fiziks da na injiniyan lantarki na waɗannan makarantu, da takwarorinsu na sashen Hausa, su zauna tare su tace kalmomin da aka gabatar a sashe na 3, su kuma sa gwajin kwando biyu cikin ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe tun daga zangon karatu mai zuwa.